Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi: A Ɗaga Leɓen Yaro A Duba

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi,
Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.



Allah ya taimaki Sarkin Musulmi, Allah ya ja zamani, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya cancanci gidan Mujaddadi Shehu Usmanu, ina roƙon izini in kawo wani kuka da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin firamare ne, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli a makarantun ƙauye. A shekarun da ake zagayen rigakafin shan inna kuma na sha bin tawaga gida-gida, matan cikinmu su shiga ciki da akwatin sanyi, ni in tsaya a ƙofa tare da wakilin mai unguwa ina yi wa bango alama. Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa na tsince shi ne a cikin aji, da zaurukan mutane, da kuma bakin ma'aikatan lafiyar da na zauna da su na yi ta tambaya.

Kukan nawa a kan bakin yaranmu ne, ranka ya daɗe, haƙoransu da dasashinsu. Na san a cikin abubuwan da ke gaban Sarki, ga rashin tsaro ga yunwa, maganar goge baki za ta yi kama da ƙaramar magana. Ni ma haka na ɗauke ta, har ranar da na ga inda take kai mutum.

Akwai wata yarinya a wani ƙauye da na taɓa koyarwa, ba zan ambaci sunanta ko na garinsu ba. Tana da kamar shekara huɗu ƙyanda ta kama ta a ƙarshen bazara. Ta tashi, amma a rame ta tashi, rumbun gidansu kuwa ya riga ya yi ƙasa, abinci sai kunu da ɗan abin da Allah ya hore. Bayan 'yan kwanaki uwarta ta fara jin wari na fita daga bakinta, yawu na dalala, in an kawo abinci sai ta kau da kai ta fashe da kuka. Aka ce zafin ƙyanda ne bai gama fita ba, aka shiga ɗura mata jiƙo. Ba wanda ya ɗaga leɓenta ya leƙa. Da an leƙa, da an ga dasashi ya yi jawur, ya kumbura, yana tsatsafar da jini, gefensa ya fara zagwanyewa. Da kunci ya kumbura aka ce iska ce, aka koma hayaƙi da shafe-shafe. Daren da aka taso ni in taimaka a samo mota, baƙin tabo ya riga ya fito a kuncin, naman wurin ya mutu. Tsakanin warin farko da wannan dare ba a cika mako biyu ba. Ina riƙe da fitila a cikin ɗakin, uwar ta yaye tsumman da ta rufe fuskar da shi, sai na hango haƙoran yarinyar ta cikin kuncinta, bakinta kuwa a rufe yake.

Allah ya yi da sauran kwananta. An kai ta Sakkwato, ta rayu. Shekarar da ta isa shiga aji ɗaya na je gidansu da rajista a hannuna. Uwarta ta ce mini daga bayan ƙyaure, "Malam, ka yi haƙuri, yara ba za su bar ta ta zauna ba." Ita kuma tana tsaye jikin zana, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, tana kallon littafin da ke hannuna.

Likitoci suna kiran wannan cuta noma. Sunan kan rikita Bahaushe ya zaci aikin gona ake nufi, alhali kalmar Girkanci ce mai ma'anar cinyewa. A ƙauyukanmu wasu su ce ciwon iska, wasu su ce ciwon daji, kuma sunan da aka ba ciwo shi ke nuna ƙofar da za a je neman magani. Ba iska ba ce, ba kuma dajin da asibiti ke nufi ba ne, ba a kuma ɗaukar ta daga wani. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki ne suke samun sarari idan tamowa ta raunana jikin yaro, ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya ƙara kayar da shi, bakin kuma ba a tsabtace shi. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi tun 1998 ya nuna yara kusan 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma in ba a yi magani ba, tara cikin goma ba sa kai labari. Turai ma ta san ta a zamanin da talauci ya yi mata katutu. Ta ɓace a can da abinci da tsabta suka wadata, ta sake ɓulla a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane da yunwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Sakkwato ba baƙuwar wannan magana ba ce. Asibitin yara masu noma yana nan cikin birnin tun 1999, likitocin ƙungiyar MSF suna aiki tare da shi tun 2014, ana gyara fuskoki kyauta. Nijeriya ce kuma ta ja gaban ƙasashen da suka matsa har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a watan Disamba na 2023. Wannan abin yabo ne, Allah ya saka wa duk mai hannu a ciki da alheri. Sai dai waɗanda ke isa gadon tiyata su ne 'yan kaɗan ɗin da suka tsallake. Sauran an binne su a ƙauye ba tare da an san sunan abin da ya ɗauke su ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a matakin farko, lokacin da ciwon bai wuce dasashi ba, maganinsa bai fi ƙarfin ƙaramin asibitin ƙauye ba: maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol daga hannun ma'aikacin lafiya, wanke baki da ruwan gishiri mai ɗumi, da abinci mai gina jiki.

Noma ita ce maƙurar abin, kuma alhamdu lillahi ba kowane yaro ke kaiwa can ba. Wahalar da ke ƙasa da ita kuwa ta cika azuzuwanmu. Babu zangon karatun da zai wuce ban ga ɗalibi ya kifa kai a kan benci ba, ya dafe kunci, hawaye na zuba ba sauti. Bara wani yaro ɗan aji uku, mai kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi, ya yi kwana tara bai zo ba. Da na bi sawu na tarar an ɗaure masa haɓa da ɗankwali, fuska ta kumbura har ido ya ƙanƙance. Mahaifinsa ya ce ranar kasuwa ya kai shi wurin mai cire tsutsa, aka turara masa hayaƙi a baki, aka nuna musu wasu fararen abubuwa cikin kwanon ruwa aka ce ga su nan sun fito. Ya biya, suka dawo gida, yaro ya kwana yana ihu. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a ɗiga ruwan batir, Allah ya sa uwar ta ƙi. A ƙarshe sai da aka yi tafiyar rabin yini zuwa babban asibiti aka cire haƙorin, kuma turmi ne na dindindin, wanda ba zai sake tsirowa ba.

Ranka ya daɗe, babu tsutsa a cikin haƙori. Wata farar dauɗa ce mai yauƙi take taruwa a jikinsa kullum, musamman a gindi inda ya haɗu da dasashi. Duk wanda ya kankara da farce da safe zai gan ta. Dauɗar nan matattarar ƙwayoyin cuta ce. In sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da ƙarfin bayan haƙori kaɗan-kaɗan. Yawu yana wanke tsamin, yana mayar wa haƙori abin da ya rasa, amma sai an ba shi lokaci. Yaron da ya sha alawa biyar a zama ɗaya bayan cin abinci ya fi samun sauƙi a kan wanda ya rarraba su daga safe zuwa magariba, domin na biyun bakinsa bai huta da tsami ba duk yinin. Da dare kuma yawu raguwa yake yi, shi ya sa kwanciya da zaƙi a baki ta fi komai ɓarna. Farkon abin wani farin tabo ne kamar alli a gindin haƙori, babu ciwo, kuma a lokacin ana iya tsayar da shi. Sai ya zama rami, sai ramin ya isa jijiya, sannan ne ake jin zugin nan mai hana barci. Wannan dauɗa dai ita ce in ta daɗe take daskarewa ta zama tsatsar da buroshi ba ya cirewa, dasashi ya riƙa jini, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, har dattijo ya wayi gari haƙoransa na girgiɗi mu ce tsufa ne. Masu ciwon suga da masu shan taba sun fi kowa shan wannan wahala. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce mutum kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, wato kusan rabin mutanen duniya, kuma mafi yawansu suna ƙasashe irin namu, inda likita ya fi nisa.

Akwai wani kuskure da na ga iyaye da yawa suna yi da zuciya ɗaya. Sukan ce haƙoran yara ai na famfara ne, za su zube wasu su fito, me za a wahala a kansu? Haƙoran farko guda 20 ne, sukan fara fitowa wajen wata shida, su cika kafin shekara uku, wasunsu kuma ba sa faɗuwa sai yaro ya kai goma sha ɗaya ko sha biyu. Da su zai tauna abincin da zai gina shi duk tsawon shekarun nan, su ne kuma ke tsare wa na dindindin gurbi. Sannan wajen shekara shida wani turmi yakan fito can ƙurya, a bayan na yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Saboda ba a ga famfara ba sai a zaci shi ma na wucin gadi ne. Na dindindin ne, yana cikin 32 ɗin da mutum zai rayu da su, kuma shi ne wanda ɗalibina ya rasa yana ɗan shekara tara.

Abin da ya sa na kawo kukan nan fada, ban tsaya ga ma'aikatu kaɗai ba, shi ne mu al'ummar asuwaki ce. Ba ni zan tuna wa gidan Shehu matsayin asuwaki a sunna ba, ko yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da shi a kowace sallah, yake kuma yin sa in ya tashi daga barci da in ya shiga gida. Alwala kanta ta sa muna kurkure baki sau da dama a yini. Malamanmu na Malikiyya sun halatta wa mai azumi asuwaki duk tsawon yini. Da wuya a sami al'ummar da addininta ya shimfiɗa mata tabarmar tsabtar baki kamar tamu. To amma a duba wa ke riƙe da asuwakin. Magidanci ne a ƙofar masallaci, da dattijuwa a kan sallayarta. Yaro ɗan shekara uku, wanda shi noma ke farauta, ba ya cikin lissafi. Duk yawan wa'azin da na saurara, ban taɓa jin an ce wa uwa ta goge wa ɗanta baki kafin ya kwanta ba, ko an ce wa uba wannan yana cikin haƙƙin 'ya'ya a kansa kamar ci da sha da sutura.

Ko mu manyan, da yawanmu tauna itacen muke yi muna hira, mu goge haƙoran gaba da ake gani, mu bar turame da ɓangaren ciki. Asuwaki, ko irin na Makka ne, ko darbejiya, ko marke, yana aiki sosai in an tausasa bakinsa, aka bi haƙori ɗaya bayan ɗaya ciki da waje, aka riƙa yanke kan da ya gaji. Abin da ba ya bayarwa isasshe shi ne sinadarin fuloraid da ke cikin man goge baki, wanda ke ƙarfafa bayan haƙori ya jure tsami. Don haka babu faɗa tsakanin asuwaki da buroshi, kuma ina roƙon kada a bari wani ya mai da abin gardamar sunna da boko. A riƙe asuwaki a lokutan sallah, a yi buroshi da makilin sau biyu, da safe da lokacin kwanciya, na daren shi ne ba a wasa da shi. Minti biyu, da buroshi mai laushi. Wanda bai kai shekara uku ba a shafa masa man kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake. A tofar da kumfar, kada a bi da ruwa a wanke maganin. Babba ne zai riƙa taya yaro har ya kai wajen shekara bakwai, kowa kuma da nasa buroshin. Jaririn da bai yi haƙori ba, tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce sun ishe shi. Gidan da babu kuɗin makilin kada su zauna haka nan, asuwaki da ruwan gishiri sun fi babu nesa ba kusa ba. Gawayi da toka da yashi dai a haƙura da su, suna haskaka haƙori ne ta hanyar kankare shi.

Wani zai ce ai fuloraid ɗin nan shi ya nakasa yaran Tibiri. Gaskiya ne. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid ya tanƙwara ƙasusuwan yara masu yawa, a Langtang ta jihar Filato kuma an san yadda ruwa ke rina haƙora. Amma wancan ruwan sha ne da ake haɗiya kullum shekara da shekaru, sinadarin cikinsa ya wuce kima. Ɗan abin da ake shafawa a buroshi a tofar daban yake. Abin da Tibiri ta koya mana shi ne a riƙa gwada ruwan kowace burtsatse kafin a buɗe wa jama'a. Gara mutane su ji wannan bayani daga bakin malaman da suka yarda da su tun jita-jita ba ta riga mu isa ba, domin mun ga abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan inna a 2003.

Zaƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mun tashi da rake da mazarƙwaila, da nakiya da alkaki ranar biki. Amma a da na lokaci-lokaci ne. Yau a ƙofar kowace makaranta akwai tire cike da alawa da cingam da biskit da lemon leda mai kala, kuɗin taran da uwa ta ba yaro a nan yake ƙarewa. Mai shayi yana zuba sukari ba awo, zoɓo da kunun aya in ba a cika musu zaƙi ba ba sa sayuwa. Mafi muni shi ne jaririn da ake cika wa fida da shayi ko lemo a sa masa a baki ya yi barci da ita. Irin waɗannan ne haƙoransu na gaba na sama ke ruɓewa tun ba su iya magana sosai ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi, kwalbar lemo ɗaya kuwa takan cinye mafi yawan wannan kaso. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Da za a ware wani abu daga ciki a saya wa 'yan firamare buroshi da makilin, da kuɗin ya koma inda ɓarnar take.

Haka maganar fitar haƙori. Duk zawo da zazzaɓin da ya kama jariri mai wata bakwai sai mu ce haƙori ne, mu zauna jira, alhali sau da yawa maleriya ce, ko cutar da ya kwasa daga abin da yake kaiwa baki yana rarrafe. Fitar haƙori takan sa ƙaiƙayin dasashi da dalalar yawu da 'yar rigima, ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa. Wannan zato ne ya buɗe kasuwar magungunan haƙori, kuma ba mu manta da 2008 ba, lokacin da gurɓataccen maganin My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan, wasunsu a Zariya.

Likitocin haƙori a ƙasarmu kaɗan ne ƙwarai, kuma akasarinsu suna manyan birane. Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero suna yaye su, amma ko an ninka adadin ba za su kai kowace gunduma ba nan kusa. Mutumin ƙauye ba ya ganin likitan haƙori sai ranar cirewa. Akwai kuwa aikin da ba ya bukatar kujerar zamani ko wutar lantarki. Tun a shekarun 1980 aka ƙirƙiro a Tanzaniya wata hanyar cike ramin haƙori da kayan hannu kawai, a kankare ruɓaɓɓen wurin a cike da wani siminti na musamman. Akwai kuma wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid da ake shafawa a ramin ya tsayar da ruɓar, illa dai wurin yakan yi baƙi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa simintin da ruwan maganin nan, tare da man goge baki mai fuloraid, cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ma'aikatan da aka horar za su iya wannan aiki a ƙaramin asibiti, har ma a harabar makaranta. A ƙasar Filifin an sa goge baki da wanke hannu cikin ayyukan kullum na makarantun firamare, yara su jeru su yi tare. Mu da muke jera yara kowace safiya muna duba farce da gashi, me zai hana mu duba baki?

Allah ya taimaki Sarki, na ga da idona abin da sarauta ke iya yi. Kafin sarakuna su shigo maganar shan inna, mun sha isa ƙofa a ce mana yaran ba sa nan, alhali muna jin muryoyinsu a tsakar gida. Bayan an kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko a 2009 ƙarƙashin inuwarka, umarni ya gangaro daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, sai ga ƙofofin nan suna buɗewa, wani lokaci ma mai gidan ne da kansa ke fito mana da jaririn a kafaɗa. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. Wannan tsani yana nan bai karye ba. Shi nake roƙo a ɗora wa wannan ɗan kaya, kuma bai kai nauyin na farko ba, tunda babu akwatin sanyi, babu wani abin da za a ɗiga wa yaro wanda wani zai yi zargi.

Saƙon gajere ne, ko yaro zai haddace shi. Uwa ta ɗaga leɓen ɗanta ta duba sau ɗaya a mako, kullum kuma in yana jinya ko ya tashi daga ƙyanda. In ta ga dasashi na jini, ko gyambo, ko ta ji warin da ba ta saba ji ba, ko kunci ya fara kumbura, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana. Juma'a ta dace da wannan dubawa, tunda ranar wanka da yanke farce ce a gidajenmu. In Sarki ya faɗi wannan da bakinsa a rediyo, aka maimaita da Hausa da Fulatanci, zai isa inda takardun ma'aikatu ba sa isa, har tsallaken iyaka, Ƙonni da Tawa da Maraɗi, inda 'yan'uwanmu ke fama da wannan cuta kamar yadda muke fama.

A matsayinka na shugaban Jama'atu Nasril Islam da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, ina roƙon a nemi limamai su ware huɗuba guda a shekara kan wannan, kusa da 20 ga Nuwamba da Nijeriya ta keɓe domin noma, ko 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya. Likitocin haƙori su zauna da malamai su fitar da bayani ɗaya, gajere, da boko da ajami. Ta majalisar da ke haɗa ka da shugabannin Kirista kuma saƙon ya shiga majami'u, domin yaransu ma namu ne.

Sai dai huɗuba maza take samu, bakin yaro kuwa a hannun mata yake. A nan ma gidanku ya riga ya nuna hanya. Nana Asma'u ta naɗa mata masu ilimi da ake kira jaji, suka riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka, tsarin 'yan taru da har yau ake ambato. Malaman islamiyyar matan aure, da ungozomai, da matan da suka yi mana aikin shan inna, su ne magadansu a yau. Ungozoma tana tare da mai jego tun ranar haihuwa, wanzami yana nan ranar suna, kuma su ake fara kira in yaro ya kwanta. In waɗannan biyu suka san alamomin nan, aiki ya yi sauƙi. Kada kuma a manta da almajiran tsangaya. Yaro ne ɗan shekara shida ko bakwai, nesa da uwar da za ta ɗaga leɓensa, abincinsa ba tabbas. Alaramma ne uwa da uba a wurinsa, don haka a gayyato alarammomi cikin maganar nan da girmamawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin daular da ke kansa, ya zauna ya yi rubutu kan ciwon ido da kan basur. Wanda ya gaji wannan kujera, in ya yi maganar dasashin yara, gadonsa ya bi.

Sauran aikin na gwamnoni ne, kuma suna jin maganarka. A sa duba baki cikin abin da ake yi wa kowane yaro ranar rigakafi da ranar awon tamowa, a rubuta a katinsa. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane noma tun tana dasashi, a tanadar musu maganinta. A matsa kan allurar ƙyanda. Nijeriya ta fitar da manufar lafiyar baki ta ƙasa tun 2012, takardar tana nan, masu kai ta ƙauye ake nema. Ba na kuma ruɗin kaina cewa buroshi zai maye gurbin abinci. Muddin manomi ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, muddin iyalai suna kwana a sansanin gudun hijira, tamowa za ta ci gaba da turo yara bakin wannan rami. Amma ko a sansani uwa tana iya ɗaga leɓe ta duba, in an gaya mata abin da za ta nema.

Na koma ƙauyen nan kwanan baya. Yarinyar ta zama budurwa. An yi mata aiki, tana iya buɗe baki ta ci tuwo, amma ba ta taɓa zama a aji ba. Ƙannenta uku suna makaranta, kuma duk Juma'a uwarsu takan jera su a tsakar gida ta duba bakin kowa kafin su tafi masallaci. Ta ce mini da wani ya gaya mata wannan tun farko, da ba a kai ga haka ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, Sarki ya sa wannan magana cikin abin da kwamitin sarakuna zai tattauna a zamansa na gaba, tun bazara ba ta shigo da ƙyandarta ba.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makarantar firamare.